Kalmomin Hali da Ɗabi'a a Tsofaffin Littattafan Turanci

Waɗannan kalmomi ne da marubutan Ingila na ƙarni na 18 da na 19 suke auna mutum da su: halinsa, tarbiyyarsa da zamansa da jama'a. Yawancinsu daga Faransanci da Latin suka shigo, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, har Faransanci ya zama harshen fada.

Abin da ke rikita mai karatu a yau shi ne da yawansu sun sauya ma'ana. Misali condescension. Yanzu tana nufin kallon raini, amma a ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 tana nufin babba ya sauko don raɗin kansa ya daidaita da na ƙasa da shi, wato yabo ne. A littafin Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a 1813, Mista Collins, limamin coci, bai gajiya da yabon uwargijiyarsa Lady Catherine de Bourgh da wannan kalma. Hujjarsa kuwa har da cewa ta taɓa takowa gidansa, ta ba shi shawarar kafa katakon jera kaya a ɗakunan ajiya na saman bene. Shi da zuciya ɗaya yake faɗa, amma mai karatu yana ganin girman kan matar ƙarara, kuma nan gwanintar marubuciyar take.

Haka candour, wadda yau ake ɗauka a matsayin faɗin gaskiya ba kwana-kwana. A da kyautata zato ce, halin da Elizabeth, jarumar Pride and Prejudice, take yaba wa yayarta Jane. Sensibility kuma ba hankali ba ne, saurin motsuwar zuciya ne, irin na Marianne Dashwood a wani littafin Austen, Sense and Sensibility na 1811, wadda baƙin ciki ya kai ta ga kwanciya ciwo.

Akwai rukunin da ya girmi waɗannan: sanguine, choleric, phlegmatic da melancholy. Sun samo asali daga likitancin Girkawa irin su Galen, masu ra'ayin cewa jini, ruwan matsarmama iri biyu da majina ne ke juya hali. Likitoci sun watsar da wannan ra'ayi tuni, amma har yanzu ana kiran mai saurin fushi choleric, mai sanyin hali phlegmatic, mai kyakkyawan fata sanguine, baƙin ciki kuma melancholy.