Masu karɓar saƙon homon da rawar da suke takawa wajen ɗaukar ciki

Homon sinadarai ne da jiki ke aika saƙo da su daga wani sashe zuwa wani. Masu karɓar saƙon homon da za a yi magana a kansu a nan wasu furotin ne da ke zaune a can cikin ƙwayar halitta, aikinsu shine su cafke homon idan ya shigo, sai su je su manne a jikin DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe su. A jikin ɗan Adam iri 48 ne. Homon ɗin da suke karɓa irin su istirojin ne da furojestaron da testostaron da homon ɗin maƙogwaro, har da wani sinadari da jiki ke yi daga bitamin A. Abun kamar kwaɗo da makulli ne, homon shine makullin, in kwaɗon ya lalace toh ko makulli ya cika aljihu ƙofa ba zata buɗe ba. Shi yasa mace zata iya yin gwaji a ce homon ɗinta lafiya ƙalau amma ciki ya ƙi zama.

Elwood Jensen na jami'ar Shikago a Amurka shi ya fara gano na istirojin a 1958. A 1986 ɗakin binciken Pierre Chambon a Faransa ya fitar da ƙwayar gadon da ke yinsa, a 1996 kuma aka gano akwai na biyu a Suwidin.

A ɓangaren mace, istirojin ne ke sa bangon mahaifa ya yi kauri bayan al'ada ta ɗauke, kuma shi ke sa mahaifar ta ƙera masu karɓar furojestaron tun kafin a buƙace su. Da ƙwai ya fita sai furojestaron ya karɓi aiki, ya tausasa bangon ya sa shi fitar da abincin da ɗan tayi zai rayu da shi. Shi kuwa ɗan tayin, bayan maniyyi ya haɗu da ƙwai, yana ta rarrabuwa yana gangarowa ta bututu, wajen kwana 6 zuwa 10 sai ya dasu a bangon mahaifa, kuma kwanakin da mahaifa ke yarda ta karɓe shi 'yan kaɗan ne, in ya zo bata shirya ba sai ya wuce da jinin al'ada matar ma bata san an yi ba. A 1995 an yi gwaji da ɓeraye, aka cire musu mai karɓar furojestaron, matan suka kasa fitar da ƙwai, mahaifarsu ma ta kasa riƙe ciki.

Maza fa suna ciki dumu-dumu. A 1993 da aka cire wa ɓeraye mai karɓar istirojin na farko, har mazan ma suka samu matsalar haihuwa. Sannan ƙwayoyin da ke renon maniyyi a cikin maraina sai da mai karɓar testostaron suke aiki. Abun na damuna yanda a ƙauyukanmu daga an shekara biyu shiru sai a ɗora wa amarya, a kaita wajen mai magani ko a fara zancen kishiya, shi mijin ko gwajin maniyyi ba wanda ya ce ya yi, alhali ana yi a manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano.

Bayan ciki ya zauna ma aikinsu bai ƙare ba. Masu karɓar sinadarin bitamin A na cikin masu tsara ina kai zai kasance, ina zuciya, ina gaɓoɓi, a makonnin farko. Ƙarancinsa matsala, yawansa ma matsala, dan haka maganin ƙurajen fuska mai suna isotretinoin, wanda dangin bitamin A ne, an hana mai ciki shi sam saboda yana naƙasa jariri. Homon ɗin maƙogwaro kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi na buƙatarsa, kuma a wata ukun farko na uwa yake amfani da shi tunda nasa bai fara aiki ba. Uwar da bata samun aidin (sinadarin da jiki ke yin wannan homon da shi), wadda za ka ga maƙoƙo ya fito mata, ɗanta na iya tasowa da raunin ƙwaƙwalwa. Dalilin saka aidin a gishiri kenan.

Magunguna da yawa ta nan suke bi. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku tana kama mai karɓar furojestaron ta hana ƙwai fita. Clomid kuma, maganin da ake ba mace dan ƙwai ya fita, toshe na istirojin yake a ƙwaƙwalwa, sai jiki ya zaci istirojin ya yi ƙasa ya matsa wa ƙwai lamba, shi yasa ake samun tagwaye da shi. Amma in bututu ne ya toshe ko matsalar daga miji take, sayensa a kemis ranar kasuwa asarar kuɗi ne kawai.

Dabbobi ma haka. A shekarun 1940 tumaki a Ostireliya sun daina haihuwa, da aka bincika ashe wata ciyawa ce da suke ci mai sinadarin da ya yi kama da istirojin, yana kama mai karɓar yana rikita mahaifar tunkiya.