Rikicin 'yan fim a soshiyal midiya: amsoshin wasu tambayoyi da ake yawan yi min

Duk ranar da wata 'yar Kannywood ta tayar da ƙura sai saƙonni su yi ta shigo min, wani na neman ra'ayina, wani kuma so yake kawai in tsine. To bari in haɗa amsoshin wuri guda.

Wai me ya sa kullum 'yan fim ne a bakin mutane?

Saboda har cikin ɗaki suke shigo mana, ɗinkin da jaruma ta saka yau shi ƙanwarka za ta kai wa tela gobe, dole iyaye su sa ido. Kuma abin ba yau ya fara ba. Bayan dawo da shari'a a 2000 ne gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, a lokacin babban ƙorafin malamai shi ne rawa da waƙa irin na Indiya tsakanin namiji da mace. Sai 2007 ta zo, wani bidiyon sirri na wata jaruma da aka ɗauka da waya ya fita, aka dinga tura shi ta Bluetooth daga waya zuwa waya, masana'antar gaba ɗaya ta sha, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, Malam Abubakar Rabo ya riƙe hukumar da ƙarfi har wasu suka kwana a gidan yari. Tabon nan bai goge ba wallahi. Ko ƙauyen fim na naira biliyan 3 da gwamnatin Buhari ta so ginawa a garin Kofa da ke jihar Kano a 2016, surutun jama'a da huɗubobin malamai ne suka sa aka fasa.

Me ya faru da Rahama Sadau da har yanzu ake kawo misali da ita?

Sau biyu ne. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta saboda ta fito a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ suna rungumar juna, daga baya aka yafe mata. Na biyun shi ya fi zafi, Nuwamban 2020 ta saka hotuna da wata doguwar riga mai buɗaɗɗen baya, ana cikin caccakarta sai wani ya zo ƙarƙashin hoton ya yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ta goge hotunan, ta nesanta kanta da maganar, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara.

To kai kare ta kake yi kenan?

A'a. Shigar ba ta dace da 'yar musulmi ba, ita ma da bakinta ta amsa. Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Ranar ina zaune wajen mai shayi na unguwarmu, samari huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗaya yana jan hoton da yatsa yana ƙara masa girma, bakinsa kuma yana ta innalillahi duniya ta zo ƙarshe, na kusa da shi ya ce don Allah turo min in ga irin lalacewar. Ita ta goge nata cikin sa'o'i, su kuwa yana nan a wayoyinsu. Har a gurup ɗin danginmu na WhatsApp wani kawuna ya turo shi, gurup ɗin da akwai yara 'yan sakandare a ciki. Aya ta 19 a Suratun Nur kashedi ce ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, ni dai ban ga inda aka ce idan ka rubuta a'uzubillahi a saman hoton ka fita daga ciki ba.

Me ya sa maza ba sa shan irin wannan?

Suna sha amma ba kamar mata ba, Adam Zango ma an taɓa ɗaure shi a 2007 kan wani kundin waƙoƙinsa. Bambancin shi ne namiji yana fitowa ya ci gaba da harkarsa, ya yi aure ya ƙara, mace kuwa har 'ya'yanta sai an yi musu gori. Wanda ya ɗauki bidiyon 2007 ɗin nan, mutum nawa ne ke iya tuna sunansa yau?

Shiru za mu yi kenan mu bar ɓarna?

Ban ce haka ba. Akwai hukumar tace finafinai, akwai Hisba, akwai iyaye da shugabannin masana'antar, kai ma in kana da hanyar isa ga jarumar ka yi mata nasiha tsakaninku. Ka yi magana kan ɗabi'ar ba sai ka liƙa hoton ba, kuma ban da zagin uwa da uba. Ni abin da na yi da kawun nan nawa, kiransa na yi a waya bayan isha'i, na gaishe shi na ce Kawu ka yi haƙuri, su Ummi fa suna cikin gurup ɗin nan. Ya yi shiru, ya ce wallahi shaf ya manta, kafin in ajiye wayar ya goge.