Kurmin Tebur a Wasan Yaƙi na Ƙananan Sojoji

Kurmin tebur ƙaramin daji ne mai duhuwa da ake ƙerawa da hannu, a jera shi a kan tebur domin wasan yaƙi na 'yan mutum-mutumin sojoji. A wannan wasa mutum biyu ko fiye kan ja daga, kowa da rundunarsa ta roba ko ta ƙarfe, ana auna tafiyar soja da tef ɗin awo, ana jefa ɗan ludo a ga ko harbi ya samu. Itatuwa da rafuka da duwatsun da ke kan teburin ba don ado kawai aka sa su ba. Su ne ke nuna inda soja zai ɓuya, da inda tafiya za ta yi masa nauyi, da wanda zai iya hango wani.

Asali

Wasan ya samo tushe daga horon hafsoshi a daular Purushiya ta ƙasar Jamus. A 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa sarki teburin yaƙi mai gutsattsarin filin da ake iya sauya musu wuri, ɗansa kuma ya gyara tsarin a 1824 ya mayar da shi kan taswira. A Ingila, marubuci H. G. Wells ya wallafa ƙa'idojin wasa da sojojin wasan yara a 1913. Kamfanin Games Workshop ya fito da wasan Warhammer a 1983 da na Warhammer 40,000 a 1987, kuma dukansu suna da labaran da ke faruwa cikin ƙungurmin daji.

Masu bin tarihi kuwa sukan kwaikwayi faɗan tsibirin Guadalcanal na 1942, ko yaƙin Biyetnam, ko na Burma. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japan a can, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, tsakanin 1944 da 1945, kuma da yawan sojojin 'yan Arewacin Nijeriya ne, Hausa ce harshen bariki. Sunayen barikin Kalapanzin na Kaduna da na Chindit a Zariya daga wannan yaƙi aka samo su. Saboda haka ɗan Jos da ya zauna haɗa kurmin Burma a kan tebur ba labarin wasu yake bayarwa ba, wataƙila ma filin da kakansa ya taka ne.

Matsalar awo

Sojojin da aka fi amfani da su masu tsawon milimita 28 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin 56 na mutum, sai masu milimita 15, kusan ɗaya cikin 100. Teburin da aka saba da shi ƙafa 6 ne a tsawo, 4 a faɗi. Nan ne gizo ke saƙa. Itacen kurmi mai tsawon mita 40, in aka bi lissafi sak a ma'aunin farko, zai haura santimita 70, ya tokare wa 'yan wasa fuska. Don haka ake rage shi ya koma kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, ido kuma ya yarda.

Haka ma batun cunkoso. Kurmin gaskiya ba ya shiguwa sai da adda, amma na tebur dole hannu ya shiga, soja ya sami wurin tsayawa. Wanda ya manna ciyayi ya cika ko'ina ya yi abin kallo, bai yi filin wasa ba. Dabarar da aka fi bi ita ce a yanka faffaɗan gindi mai lanƙwasassun gefuna wanda zai nuna iyakar dajin, sannan a dasa itatuwa uku-uku ko huɗu-huɗu a kan ƙananan faya-fayai dabam. Idan runduna ta shigo sai a ɗaga fayafayin, a ajiye sojoji, iyakar tana nan ba gardama. Tsofaffin faya-fayan CD sun dace da wannan aiki, sai dai a kankare su da sanfefa kafin gam ya kama.

Kayan aiki

Ana sayar da kayan wannan sana'a a shirye a ƙasashen Turai, amma mafi yawansu suna da madadi a kasuwa. Siririn falanki na gindi da garin katako ana samunsu wajen kafintoci a Kasuwar Katako ta Jos. Kwali ba ya ƙarko, yana shan gam sai ya kantare. Farin soson da ake tallafe talabijin da firji a cikin kwali shi ake sassaƙawa a yi tudu da gaɓar rafi. Farin gam na kafinta, irin Top Bond, shi ne uwa uba: ana tsarma shi da ruwa a shafa, a barbaɗa yashi, in ya bushe a sake bin sa da wani ruwan gam don kada ya zube.

Gangar itace kuwa da waya ake murɗa ta, a bar silla a ƙasa su zama saiwoyi, a sama su zama rassa, a lulluɓe da takarda mai laushi da gam. Ganye daga furannin roba ake yanko shi, ko ciyawar roba ta akwatin kifi. Tsinken tsire da aka ɗaɗɗaura wa zare ya zama gora. Igiyar rama da aka warware ta zama kurangar da ke rataye, soson wanka na gargajiya da aka yayyage ya zama sarƙaƙiya, busasshen ganyen shayi kuma ya zama ruɓaɓɓen ganyen ƙasa. Duk wanda ya taɓa yin motar kara yana yaro ya san yadda za a fere kara a yi bukka ko gadar rafi.

Fenti

Ana fara shafe komai da launi mai duhu, sannan a goge buroshi har ya kusa bushewa a bi saman da launi mai haske, tudun ya fito, kwarin ya zauna da inuwa. Fentin feshi yana cinye farin soso, don haka sai an rufe shi da gam tukuna. Kuskuren sabon hannu shi ne kore iri ɗaya fatau, ga ƙyallin roba. Wanda ya tsaya a bakin ruwan Assop, kan hanyar Jos zuwa Abuja, zai ga ƙasan kurmi ruwan ƙasa ne da baƙi-baƙi, koren ma kala-kala ne, wani ya ja zuwa rawaya, wani zuwa shuɗi. Ruwan rafi ana yi masa fenti mai duhu a tsakiya, mai haske a gaɓa, a zuba banish mai sheƙi a kai sau biyu ko uku.

Ajiya

A Jos hunturu kan busar da gam da wuri, har siririn gindi ya lanƙwashe in gefe ɗaya kawai aka shafa. Maganinsa a shafe baya ma. Ƙurar lokacin kuma tana maƙalewa a ganyen roba, sai da buroshi mai laushi take fita. Da damina, musamman a Abuja, gam kan daɗe bai bushe ba, ganyen shayi da ɓawon itacen da ba a shanya sosai ba su yi fumfuna. Ana ajiye guntayen a robar da ke da murfi, itatuwa a tsaye, nesa da ƙasa saboda gara.