Bill Hughes: Likitan Hanjin da Ya Tsaya Kai da Fata a Kan Ɗaura Bel a Mota

Wane ne wannan mutum?

Sunansa Sir Edward Hughes, amma Bill aka fi kiransa. Likitan tiyata ne ɗan Ostireliya, an haife shi a 1919, ya rasu a 1998. A birnin Melbourne ya yi yawancin aikinsa, ya zama farfesan tiyata a Jami'ar Monash, sannan ya shugabanci ƙungiyar likitocin tiyata ta Ostireliya da New Zealand daga 1975 zuwa 1978.

A wane fanni ya ƙware?

Babban hanji da dubura: ciwon daji, kumburin hanji, basir. Ciwuka ne da mutane ke jin kunyar faɗa har sai sun ci jiki. Ya shahara da adana bayanan marasa lafiyarsa, yana bin sawunsu shekaru bayan aiki.

To me ya haɗa likitan hanji da harkar titi?

Ɗakin tiyata. Duk wanda mota ta murƙushe, gaban likitan tiyata ake kawo shi, hanji ya fashe ko saifa ta tsage. A 1969 kaɗai mutum 1,034 suka mutu a titunan jihar Victoria, inda birnin Melbourne yake. Likitocin suka ga ɗinki ba zai tare wannan ɓarna ba, suka kafa kwamitin yaƙi da haɗarin mota, Hughes ne shugabansa na farko. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya wa'azi ga direbobi ba. 'Yan majalisa ya matsa wa lamba, da alƙaluma a hannu.

An samu biyan buƙata?

Ƙwarai. A ƙarshen 1970 Victoria ta zama wuri na farko a duniya da ya tilasta ɗaura bel a mota, duk da masu cewa an tauye musu 'yanci. Ba shi kaɗai ya yi ba, jaridu ma sun yi ta kururuwa. A 1976 jihar ta fara tare direbobi ba zato ana gwada numfashinsu don gano masu tuƙi a buge.

Amma ai ana cewa bel ɗin ma yana ji wa ciki rauni?

Yana iya yi, musamman idan an ɗaura shi ba daidai ba. Idan ya hau kan tumbi, karo mai ƙarfi na iya matse hanji har ya yage. Wurin maɗaurin kwance ƙasa ne, kan ƙashin ƙugu, ɗaya maɗaurin kuma ya ratsa ƙirji da kafaɗa. Mai juna biyu ma ta ɗaura, amma ta ƙasan cikin.