Waiwaye: Kamfanin Lincoln da fina-finansa biyar

A 1915 aka saki fim ɗin The Birth of a Nation a Amurka, wanda ya zana baƙar fata a matsayin miyagu da wawaye, ya kuma yi wa 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, kirari. Da yawa daga masu fitowa a matsayin baƙaƙe ma Turawa ne da suka shafa baƙi a fuska. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi ta zanga-zanga, amma fim ɗin ya ci kasuwa. A cikin wannan yanayi ne Noble Johnson, ɗan wasa baƙar fata da ke aiki da kamfanin fina-finai na Universal, ya haɗa kai da abokansa a Los Angeles suka kafa Lincoln Motion Picture Company a 1916.

A zamanin, fim ba ya magana. Hoto ne mai motsi, sai rubutu ya fito a allo lokaci-lokaci, mai kiɗa kuma yana zaune a gefe yana bin labarin. Saboda haka fuskar ɗan wasa da tufafinsa da tafiyarsa su ne labarin. Nan Lincoln ta sa ƙarfinta. Fim ɗinta na farko, The Realization of a Negro's Ambition, labarin saurayi ne da ya gama karatu a makarantar baƙar fata ta Tuskegee, ya je neman aiki a rijiyoyin mai aka hana shi saboda launin fatarsa, daga baya ya yi arziki da guminsa. Na biyu ya ɗauko sojojin doki baƙar fata da suka gwabza a Carrizal ta Meziko a 1916. Mutanen da suka saba ganin irinsu a allo a matsayin barori, ranar sun ga injiniya da soja.

Haɗa fim bai gagare su ba, kai shi gaban masu kallo ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. Manyan gidajen sinima na Turawa ne, ba sa karɓa. Ɗan'uwan Noble, George Johnson, ma'aikacin gidan waya a Omaha, shi ya ɗauki wannan nauyi bayan ya tashi daga aiki: wasiƙu zuwa editocin jaridun baƙar fata, neman coci-coci da makarantu da ƙananan sinimomin unguwa. Kwafin fim kuwa 'yan ƙalilan ne, sai wannan gari ya gama kafin wancan ya samu. Ni a ganina, shi ne gwarzon wannan tarihi.

Sai matsaloli suka taru. Universal ta matsa wa Noble ya zaɓi ɗaya, ya bar kamfanin da ya kafa. Annobar mura ta 1918 ta rufe gidajen kallo. A shekarar ce kuma suka nemi sayen littafin marubuci baƙar fata Oscar Micheaux don su mai da shi fim, ya ce sai dai shi ya ba da umarnin fim ɗin, suka ƙi. Ya tafi ya kafa nasa kamfanin, ya daɗe yana fim bayan Lincoln ta durƙushe.

Fim na biyar, By Right of Birth, ya fito a 1921, daga shi ba su sake yin wani ba. Faifan wancan zamani yana ruɓewa, yana kuma kama wuta cikin sauƙi, don haka daga wannan fim na ƙarshe kusan minti huɗu ne kawai suka tsira. George kuwa ya shafe shekaru yana adana wasiƙu da hotuna da yankakkun jaridu, waɗanda yanzu suke ajiye a jami'ar UCLA da sunansa.