Waiwaye: Yadda dilan Amurka ya baro daji ya iso ƙofar gida

Da zarar kyamarar ƙofar gida ta ɗauko dila ya tsallako shinge ya sure ɗan kare ko kyanwa a wata unguwar gefen birni a Amurka, sai cacar baki ta ɓarke. Wasu su ce a kira masu tarko da bindiga a gama da su, wasu su ce ai su aka tarar a wurin, mutum ne baƙo. Garin Torrance na Kalifoniya ya soma kafa musu tarko tun 2019, kuma a ƙarshen 2022 ƙaramin garin Nahant na jihar Massachusetts ya amince a gayyato gwanayen harbi bayan dabbobin gida sun yi ta salwanta. Mai jin labarin daga nesa zai zaci sabuwar musiba ce ta faɗo. Alhali maganar ta haura shekara ɗari tana tahowa.

Dabbar da Amurkawa ke kira koyoti dangin kare ce da kyarkeci, nauyinta kilo 10 zuwa 20, kuma a wayo ba ta bar wa namu dilan komai ba. Asalin mazauninta filayen ciyawa da hamadar yammaci da tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa. Kyarkeci ne ya tsare ta a can, don ba ya barin ta sakat a yankinsa. Da baƙin Turawa suka sare dazuzzuka suka yi gonaki, suka kuma bi kyarkeci da harbi da guba har aka kashe na ƙarshe a gandun Yellowstone a 1926, sai hanya ta buɗe. Shi ma dilan an yi ta zuba masa guba shekara da shekaru, kafin a hana amfani da ita a filayen gwamnatin tarayya a 1972. Bai ƙare ba. Inda aka matsa musu da kisa, abinci kan wadaci waɗanda suka rage, sai matan su riƙa haihuwar 'ya'ya da yawa. Wani lissafi da masana suka yi a 1975 ya nuna sai an kashe kashi 75 cikin ɗari duk shekara, har tsawon sama da shekara 50, kafin a ga bayansu a yanki guda. Yau suna kowace jiha ban da Hawai, an ga ɗaya a filin shaƙatawa na Central Park a tsakiyar New York a 1999, ta kudu kuma sun ƙetare mashigin Panama.

Wannan ɓangaren duk mai bin maganar ya san shi. Amma ya bayyana yadda dila ya zo kusa da gari ne kawai. Bai bayyana yadda dabbar da ke gudun inuwar mutum ta koma tsayawa a bakin gareji da rana tsaka tana kallon mai gida ido cikin ido ba. Amsar wannan tana Glendale, wani gari da ke maƙale da Los Angeles.

Bayan yaƙin duniya na biyu, gidaje suka riƙa hawa kan tsaunuka da kwarurrukan da ke kewaye da Los Angeles, wuraren da rani ke ƙonawa ƙurmus. Kowane gida ya zo da ciyawar da ake yi wa ban-ruwa, da itatuwan marmari, da kwandon shara, da kwanon abincin kare a bayan ɗaki. Zomaye da ɓeraye suka samu aljanna, mai cin su ya biyo baya. Wasu mazauna kuma suka ƙara da nasu: suna ajiye wa dilolin abinci da gangan, don tausayi ko don sha'awar kallon naman daji ta taga.

A watan Agustan 1981 dila ya kama wata yarinya 'yar shekara uku a gaban gidansu a Glendale. Mahaifinta ya kore shi, aka garzaya da ita asibiti, amma rai ya yi halinsa. Ita ce mutum na farko da aka tabbatar dila ya kashe a Amurka, kuma abin da jama'a suka riƙe ke nan. Abin da aka manta shi ne abin da masu tarko suka tarar. Cikin kwana 80 sun kama diloli 55 a tazarar da ba ta wuce rabin mil daga gidan ba, wato ƙasa da kilomita ɗaya. A daji, iyali guda na dila kan riƙe fili mai faɗin murabba'in kilomita da dama, ya kore duk wani baƙo. To me ya tara 55 a unguwa ɗaya? Abinci. Inda ya yawaita ba su damu da tsare iyaka ba, inda kuma yake fitowa daga hannun mutum tsoron mutum kan gushe.

Daga irin waɗannan rahotanni na kudancin Kalifoniya ne masu bincike biyu, Rex Baker da Robert Timm, suka fito da yadda sabon ke girma mataki-mataki. Da fari dare kawai ake ganinsu a titi. Sai su fara ɗaukar kyanwa da dare, sai a fara cin karo da su da sassafe da la'asar, sai su kori kare da rana. Daga nan sai su kai wa karen da ke ɗaure da igiya a hannun mai shi, sai a gan su a filin wasan yara. Ma'ana ɓatan kyanwa da ƙananan karnuka ba shi ne farkon matsalar ba, alama ce cewa an riga an yi nisa.

Binciken kashinsu ya ƙara fito da abin fili. A yankin Chicago, inda wani masani mai suna Stanley Gehrt ke bin diddigin diloli tun 2000, mafi yawan abin da aka samu ɓeraye ne da 'ya'yan itace da barewa da zomo, kyanwa ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba. A cikin birnin Los Angeles kuwa an samu ragowar kyanwa a kusan kashi 20 cikin ɗari na kashin da aka tattara, tare da shara da 'ya'yan ɓaure da na dabinon ado. Dabba ɗaya ce, abin da unguwa ta shimfiɗa mata ne ya bambanta. A nan masu kyanwa ba sa son a taɓo su, amma sakin ta yawo da dare, da tula wa kyanwoyin titi abinci a lungu, duk gayyata ce.

Ba dila kaɗai ba ne. Beyar masu baƙin gashi na fasa kwandunan shara a jihohi da dama, kuma a Nuwamban 2022 wani zakin tsauni da masu bincike suka sa wa suna P-22 ya kashe wani ɗan kare a tsaunukan Hollywood, wata guda kafin likitocin dabbobi su kawo ƙarshen rayuwarsa saboda raunuka da cuta. Sai dai dila ne ya fi kowa iya zama da mutane.

Shekara arba'in bayan Glendale, labarin ya maimaita kansa a Kanada. Tsakanin ƙarshen 2020 da 2021 diloli sun ciji mutane fiye da 40 a gandun Stanley Park na Vancouver, har da yara. Aka riƙa rufe wurin da dare, aka kashe wasu daga cikinsu, aka kuma gano cewa masu ziyara na ba su abinci, wasu don su samu ɗaukar hoto kusa da su. Daga baya aka sanya tara a kan duk wanda aka kama yana ciyar da naman daji a filayen shaƙatawa na birnin.