Raitar da Ba Ta Ihu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Na'urar Buga Faifai

Duk wanda ya taɓa saka faifai a kwamfuta da tsakar dare, gida ya yi tsit, ya san abin da ake nufi. Tiren da ake ɗora faifan na shigewa sai ka ji wani gunji ya taso, tebur ya ɗauki rawa, mai barci a ɗakin ya juya. Filash da waya sun ƙwace wa faifai kasuwa, gaskiya ne, amma har yau akwai mai ɗaukar bidiyon biki da iyayen amarya ke cewa sai ya kawo musu a DVD, akwai mai adana karatuttukan malamai, akwai ofisoshin da ke ajiye takardunsu a faifai. Su ne masu yawan yin tambayoyin nan game da na'urar da masu gyara ke kira raita.

Wai me ke sa na'urar nan ƙara haka?

Gudu ne, ba wani abu ba. Faifan CD na sauti, idan sauraro kawai ake yi, juyin da yake buƙata bai wuce 200 zuwa 500 a minti ɗaya ba, kuma a wannan gudun da ƙyar za ka ji motsinsa. Shi ake kira 1x. Amma raitar da aka rubuta wa 52x tana wulwula faifan ne fiye da sau 10,000 a minti. DVD a 16x ma juyinsa ya haura 9,000. Fankar silin da ke ɗakinka, ko ka ƙure ta, ba ta kai 500 ba. Faɗin faifai santimita 12 ne, don haka a wancan gudun bakinsa yana keta iska da saurin da ya haura kilomita 200 a awa, a cikin ɗan akwatin da bai fi littafi kauri ba. Shuuu ɗin da kake ji, iska ce. Gurnanin da ke biye da ita kuwa girgiza ce: babu faifan da nauyinsa ya daidaita ɗari bisa ɗari, kuma ɗan bambancin da ba a ji a ƙaramin gudu, idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin fizgarsa sau huɗu yake ninkawa.

Akwai ƙara ta uku, ɗan ƙirit-ƙirit na idon na'urar yana kai da komowa. Wannan ba ta cika damun kowa ba.

Ke nan 24x ɗin da ake rangaɗawa a kwali ba abin tinƙaho ba ne?

Ga mai neman shiru, ko kusa. Mu yi lissafi. Cikakken DVD mai gigabayit 4.7 yana ƙarewa cikin minti 6 ko kusa da haka a 16x. A 8x, wajen minti 9. A 4x, kwata. Wato duk ihun nan minti uku kacal ya rage maka tsakanin 8x da 16x. Dalili kuwa, na'urar ba ta kai gudun da aka rubuta sai ta iso bakin faifai, domin daga tsakiya ake fara rubutu ana yin waje. Ƙari a kan haka, galibin fayafayan DVD marasa komai da ke kasuwa 16x aka rubuta musu, masu hawa biyu na gigabayit 8.5 kuma 8x. Sai ka ga 24x ɗin nan ado ne kawai.

In sana'arka buga fayafayai ɗari a rana, wannan wata magana ce daban, minti uku sau ɗari ba wasa ba ne. Amma mai irin wannan aikin ba shiru yake nema ba.

Wane kamfani ne nasa ya fi shiru?

Wannan ce tambayar da kowa ke fara yi, ni kuma ita ce na fi raina wa muhimmanci. Sunaye sun fi masana'antun yawa. LG da Hitachi kamfani ɗaya suka haɗa suna ƙerawa tare, Lite-On ta haɗa kai da Philips, kuma na'urori da dama masu wani suna a goshi, in ka buɗe cikinsu kayan ɗaya daga cikin waɗannan za ka tarar. Haɗin gwiwar Toshiba da Samsung ya durƙushe a 2016, Sony ta rufe reshenta na Optiarc tun kafin nan, Pioneer ma, wadda masu son shiru suka daɗe suna yabo, ta fita daga sana'ar a 2025.

Abin dubawa shi ne ko na'urar tana yarda a rage mata gudu. LG tana da abin da ta sa wa suna Silent Play, wanda ke sassauta juyi idan kallo ko sauraro ake yi. Na'urorin Pioneer na Blu-ray, wato faifan da ya fi DVD ɗaukar kaya, sun zo da manhajar da za ka zaɓi yanayin shiru a cikinta, kuma zaɓin ya zauna. Tsofaffin Plextor ma suna da irin wannan. In ka samu Pioneer mai lafiya a farashi mai sauƙi, ni dai ba zan bar ta ba. In ba ka samu ba, LG ko ASUS ta yau da kullum, aka rage mata gudu, ta wadatar.

Kada ka wahalar da kanka neman adadin ƙara a jikin kwali. Ba kowa ke rubutawa ba, masu rubutawar kuma ba a nisa ɗaya ko gudu ɗaya suke aunawa ba.

Babba ta cikin akwatin kwamfuta zan saya, ko siririyar nan mai igiyar USB?

A nan ne ake yawan ruɗuwa. Siririya, irin ta laftof, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7, iyakarta 8x a DVD da 24x a CD, wato juyinta bai cika wuce 5,000 a minti ba. Ko ta so yin ihun babbar, ba ta da halin yi. To amma jikinta roba ce mara nauyi, kuma in ka ɗora ta a kan teburin katako, teburin ne ke zama ganga. Muryarta ma siririya ce mai shiga kunne. Babbar kuwa, mai inci 5.25, jikin ƙarfe gare ta, nauyinta yana shanye girgiza. Idan ka sake mata linzami ta fi kowa ƙara, idan ka tsayar da ita a 8x sau da yawa ta fi siririyar natsuwa.

Don haka abin ya danganta da kai. Wanda sai an kwana biyu yake buga faifai, ya sayi ta USB: ranar da ba aiki ya zare ta ya sa a durowa, babu shirun da ya kai wannan. Ya riƙa shimfiɗa mata ɗan kauri, ko da tabarmar linzamin kwamfuta ce. Abu ɗaya zai kula da shi, wuta. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, shi ya sa wasu ke zuwa da igiya mai kai biyu. In ka ji tana tashi tana mutuwa, tana ƙas-ƙas, yawanci yunwar wuta ce, ba lalacewa ba.

Mai aiki kullum kuwa, babbar ce tasa, in dai akwatinsa yana da gurbinta. A duba tukuna, don akwatunan zamani da yawa sun daina zuwa da shi.

Yaya ake rage gudun?

Wajen bugawa abu ne mai sauƙi. ImgBurn, CDBurnerXP da Nero duk suna da wurin zaɓen gudu kafin ka danna farawa. Kada ka bar shi a kan mafi sauri. DVD ka sa 6x ko 8x, CD ka sa 16x.

Wajen karantawa ne aiki yake, don na'urar ita ke yanke wa kanta hukunci. A Windows akwai ƙaramar manhaja mai suna Nero DriveSpeed. A Linux umarnin eject -x 4 ya isa. Sai dai na'urori da yawa suna manta wannan da zarar an fitar da faifai, sai an sake. Wasu kuma daga masana'anta aka ɗaure su, ba sa gudu sosai idan DVD na bidiyo ne a ciki. Masu kwafe bidiyo suna tsine wa wannan ɗauri, amma don mai kallo aka yi shi.

Dabarar da na fi so ita ce wannan: faifan da kake yawan amfani da shi, kwafe shi gaba ɗaya ya zama fayil ɗin ISO a cikin kwamfuta. Tun daga Windows 8, danna shi sau biyu kawai za ka yi ya buɗe kamar faifan na ciki. Ka jure ƙarar sau ɗaya, faifan kuma ya huta da ƙarzuwa.

In na buga a hankali, faifan ba zai fi inganci ba ma?

Zuwa wani mataki. Tsaka-tsaki ya fi dacewa: faifan 16x ba a yi shi don 1x ba, kuma yawancin sababbin na'urori ba za su ba ka wannan zaɓin ba ma. Rabin abin da aka rubuta a jikin faifan ƙa'ida ce mai kyau. Ka kunna tantancewa bayan bugu, na'urar ta karanta abin da ta rubuta. Kuma ka tuna, tsawon lokacin bugu shi ne tsawon lokacin da za a iya ɗauke wuta a lalata maka faifai. Mai kwamfutar tebur ba tare da UPS ba, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, addu'a yake yi. Mai laftof batirinsa ya rufa masa asiri.

Na rage gudu, amma har yanzu tana rawa. Laifin wa?

Fara da faifan. Takardar suna da ake mannawa a kai, in ta karkace ko kaɗan, ta ɓata daidaito. Rubutu da maka ya fi. Faifai mai arha, ko wanda ya kwana a mota rana ta lanƙwasa shi, haka. Gwada wani faifan kafin ka zargi na'ura.

Sai ɗauri. Babbar raita tana son a ɗaure ta ta ɓangarorin biyu, sukuru huɗu. Masu haɗa kwamfuta da yawa biyu suke sawa a gefen da hannu ke kaiwa, ɗayan gefen ya yi ta kaɗawa. Akwatunan da ake maƙalewa ba sukuru sun fi sauƙin aiki, sun kuma fi kwaramniya. 'Yar roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe tana yin abin mamaki. Ka kwantar da na'urar daidai, kada ta jirkice.

Sai ƙura. Bayan hunturu guda a ɗakin da taga ke buɗe, idon na'urar yakan dushe, ta yi ta ƙara gudu tana ragewa tana neman abin da ta kasa gani. Hura mata iska a hankali ya fi cusa mata tsumma.

Gargaɗi ɗaya, kuma daga abin da ya same ni ne. Na taɓa saka wani tsohon CD mai ɗan tsagu a kusa da ramin tsakiya, na ce ai minti biyu ne in kwashe abin da ke ciki. Na'urar na kai ƙarshen gudunta sai na ji tas kamar an fasa kwalba. Faifan ya zama gari, raitar ma daga ranar ba ta sake karanta komai ba. Faifai mai tsagu a tsakiya, in ya zama dole a karanta shi, a rage gudu zuwa ƙasa tukuna.

Ta hannu na samu a kasuwa da rahusa. Me zan duba?

Da farko bayanta. Mai faffaɗan rami na allurai 40 tsohon yayi ce, IDE, kuma kwamfutocin yanzu ba su da mazauninta. SATA kake nema, mai ƙaramin baki. A jikin takardar da ke samanta akwai wata da shekarar ƙira, ka karanta.

Sannan kada ka je hannu rabbana. Tafi da CD ɗaya, DVD ɗaya, da faifai mara komai. Hasken da ke karanta CD daban yake da mai karanta DVD, na farko nanomita 780 ne, na biyu 650, na Blu-ray kuma 405, don haka ɗaya yana iya mutuwa ɗayan na aiki lafiya lau. Mai shago zai gwada maka wanda ya san yana tashi. Ka sa a buga faifan nan a gabanka har ƙarshe. Buɗe tiren ka rufe sau biyar: in yana tsayawa sai an taimaka masa da yatsa, ɗan bel ɗin roba ne ya saki, gyaransa ba tsada, amma dalilin neman ragi ne. Kasuwa ba wurin jin ƙara ba ne, ga janareta ga hayaniya, saboda haka ka ɗora tafin hannunka a kanta lokacin da take juyi. In ka ji tana dukan hannunka da faifai mai kyau a ciki, ajiye musu abarsu.